Jariran Tagulla a Falon Turai

Shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe ƙaramin laburaren da Turai take aiki a Manchester. Da ta ji an kwashi kayan wurin an kai gwanjo Birmingham, ko shawara ba ta yi da kowa ba ta hau bas. Abu ɗaya ya kai ta: tsofaffin fitilun bango biyu 'yan Faransa, na tagulla da ruwan zinariya, waɗanda suka daɗe suna haska teburinta. Ta rungumo su cikin bargo, ta kafa su a falonta a unguwar Hulme.

Sai dai fa kowace fitila wani jariri ne mai fukafukai yake riƙe da ita, kumatu ɓul-ɓul, tsirara haihuwar uwarsa. Ga shi surukarta Hajiya Kubura tana tafe daga Kano.

"Wallahi Hajiya ba za ta yi salla a flat ɗin da ke da gumaka ba," in ji mijinta Halliru. "Ko ki sauke su, ko in sare kawunan. Simple." Injiniya ne, har ya aro zarto yana gwada shi a iska.

Ran Turai ya ɓaci ƙwarai. Aiki ya tafi, gini ya tafi, yanzu kuma kawuna? Ta ɗauko ƙyallen atamfa, ta ɗinka wa kowanne zani da ɗankwali.

Hajiya ta iso, ta sha ruwa, ta ɗaga kai. Nan take gogan naka Halliru ya tuna yana da aiki a kicin.

"Waɗannan kuma 'ya'yan waye?" in ji Hajiya.

Turai ta durƙusa ta faɗi komai, tun daga teburin har ranar da aka sallame ta. Da la'asar ta yi, sai Hajiya ta miƙe, ta ja ɗankwalin kowanne ta rufe masa fuska, ta ta da salla. Tana sallamewa ta buɗe su.

"Kada numfashi ya gagare su," ta ce, ko murmushi babu.

Haka ta riƙa yi kowace salla har ta gama kwanakinta. Ranar tafiya ta tsayar da Halliru a bakin ƙofa.

"Zarton nan da na gani a bayan firji, ka mayar wa mai shi. In na dawo na tarar Hassana da Usaina babu kai, ni da kai ne."