Layi na huɗu

Shekara huɗu Kawu ya ba ni a gonarsa. In bishiyoyin almon ba su yi 'ya'ya ba, zai sare su ya mayar da masararsa. Shi gyaɗar sama yake kiransu.

A shekara ta huɗun suka yi fure fari fat. Na zagaya gonar da takardata, sai na ga duk iri ɗaya ne. A inda na yi karatu, bayan kowane layi uku akan dasa layin wani iri dabam, don sai ƙudan zuma sun haɗa furen biyun ake samun 'ya'ya. Haka na tsara kafin in koma ƙarasa karatu.

"Kawu, ina layi na huɗu?"

"Waɗancan ƙanjamammun? Na tumɓuke su tun kana can, na cike gurbin da masu kyau. Ba sai ka gode ba."

Kwana goma fure yake yi. Uku sun wuce.

Gwaggo, yayarsa, ta ji mu daga bakin ƙofa.

"Ɗaya daga cikin waɗanda ya tumɓuke na bayan kicin ɗina," in ji ta. "Na tsince shi a bola. Igiyar shanya nake ɗaurawa."

Na je. Ga shi ya fi katanga tsawo, ya sha ruwan wanke-wanke, fure har ƙasa, zannuwa na lilo a jikinsa.

"Gwaggo, rassa nake so."

"Ka haye teku ka dawo don ka aske mini inuwa?"

"Rabi kawai."

"Kashi ɗaya cikin uku. Kuma kai za ka kafa mini sandar shanya, da digirinka."

Muka tara bokitai ashirin da shida daga maƙwabta, har da na wanka. Kowanne na zuba ruwa, na tsoma reshe, na rataya a tsakiyar bishiya a gonar. Kawu na zaune a kan turmi yana kallo.

"Yanzu bishiya ake kai wa fure? Lallai boko ya ci gaba."

Kafin rana ta take, zuma ta cika gonar.

Bayan sati uku na kai shi layin farko, na nuna masa 'ya'ya kore masu gashi, kamar kan yatsa. Ya murza ɗaya, ya daɗe yana dubawa.

"Masarar ta jira," ya ce. "Amma ka mayar wa mutane bokitansu. Sati uku ke nan ina wanka da tukunya."