Wuƙar da Aka Kama a Rumfar Don Tello

Matar ta ɗaga wuƙar ta duba ta a hasken rana, ta juya ta sau biyu, sannan ta zura ta a leda ta liƙe bakin. Ɗan sandan da ya rako ta ya matso ya tsaya a gaban rumfar.

"Baba, a wane kabari ka tono wannan?" in ji ta.

Don Tello ya cire malafarsa. "Kabari kuma? Ranki ya daɗe, a bayan gidana aka yi ta."

Ma'aikaciya ce daga ofishin kula da kayan tarihi, sunanta Maribel Ocaña, kuma ba da wasa ta shigo kasuwar San Lucas ba a wannan Alhamis. Ta ce shekara tara tana duba wuƙaƙen baƙin dutse, na jabu dukansu da inji ake goge su. Wannan kuwa babu sawun inji, babu na ƙarfe. Layukan bakinta sun jeru a karkace, kowanne ya hau gefen ɗan'uwansa kamar jinkar ɗaki. Ta ce babu wani mai rai da ke irin wannan aiki, kuma sayar da kayan mutanen zamanin da laifi ne na ɗauri.

Nicanor na rumfar gefe, wanda ya cika tebur da kunkuru da ƙoƙon kai na dutse gogaggu a inji, ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai gaskiya ta faɗa! Shi kansa tsohon kayan tarihi ne, ku haɗa da shi a ledar."

"Rufe mana baki, ɗan inji," in ji Don Tello. Amma muryarsa ba ta fita da ƙarfi ba.

Mu a San Lucas mun taso muna jin cewa duk faɗin tsaunukan nan babu hannu irin na Don Tello. Abin da ba mu sani ba shi ne, shekara uku ke nan hannun yana rawa. Dukan farko da ke fitar da siffar wuƙa har yanzu yana iyawa. Bakin kuwa, wanda ake dannawa da tsinin ƙahon barewa a hankali a hankali, matarsa Chencha ce ke yi, a bayan gida, ƙofa a rufe. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yansu. Ga ta nan zaune a kan akwati cikin rumfar, ta tura hannuwanta cikin mayafi, ta zuba wa ƙasa ido.

"In kai ka yi, yi wata mu gani," in ji Maribel. "In ba haka ba, ga mota can."

Kafin ka ce me, kasuwa ta taru. Mai naman tunkiya ya bar ramin gashinsa, mata masu masara suka zo da kwanduna a ka. Don Tello ya zauna a ƙasa, ya shimfiɗa fata a cinya, ya jawo dunƙulen dutse daga buhu. Ya ƙwanƙwasa shi kusa da kunne, ya ajiye. Ya ɗauki wani, wannan ya yi ƙara siririya, sai ya gyaɗa kai.

Kai, jama'a! Duk wanda bai ga wannan ba ya yi asara. Da ɗan dutsen rafi mai santsi ya riƙa duka, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar suruki. Kowane duka sai ɓawo ya zame ta ƙasa ya faɗi yana ƙyalli, kore-kore a cikin baƙi. Ba ya ma duban inda zai buga, yatsunsa ne ke gaya masa. Kafin a jima dunƙulen ya koma dogon ganye mai faɗin tafin hannu. Maribel ta tsuguna ba tare da ta sani ba.

"Saura bakin," ta ce a hankali.

Ya ɗauki ƙahon. Nan fa hannun ya tona shi. Tsinin ya riƙa rawa a gefen dutsen, ya kasa zama wuri ɗaya. Ya cije leɓe, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ya danna. Ƙas! Kan wuƙar ya karye, ya yanke shi a babban yatsa. Jini ya ɗiga a fatar.

Ni dai wallahi tausayi ya hana ni kallon Don Tello. Maribel ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta dubi ɗan sandan.

Chencha ba ta motsa ba. Ta rantse, kuma ita ba ta karya rantsuwa, ko da za a tafi da shi a gabanta. Shi ma ya san haka. Ya daɗe yana kallon guntayen biyu a cinyarsa, sannan ya ɗaga ƙahon ya miƙa ta bayansa bai waiwaya ba.

"Tsohuwa, zo ki karɓa."

"Ka tabbata?"

"Na ce ki zo."

Ta cire mayafi, ta zauna a gefensa, ta jawo fatar, ta ɗauki guntun da ya fi tsawo. Ta goga gefensa da dutse mai kaushi, ta ɗora tsini, ta danna. Wani siririn ɓawo ya tashi, ya bar layi a karkace har tsakiyar wuƙar. Ta matsa kaɗan ta sake. Ta sake. Ba abin da ake ji sai tsit, tsit, tsit, da numfashin mutane. Da ta kai goma sha biyu, Maribel ta yage ledar da kanta, ta jera wuƙaƙen biyu a tafin hannu. Layukan sun zo ɗaya, har da ɗan lanƙwasan da kowanne ke yi a ƙarshe.

"Wa ya koya miki?" in ji Maribel.

"Shekara arba'in ina share masa ɓarɓashi," in ji Chencha. "Ido gare ni."

"Uwa mai tsarki!" in ji Nicanor. "Ashe mu duk ƙarƙashinki muke, Doña Chencha."

Maribel ta sallami ɗan sandan, ta buɗe takarda. Ta ce dole ta rubuta sunan mai aikin, don kada wani ya sake kama kayan rumfar. Ta dubi Don Tello. Ya tashi tsaye da ƙyar, yatsa a naɗe cikin hankici, ya juya ya fuskanci mutane maimakon ita.

"Crescencia Huerta," ya faɗi cikakken sunan Chencha da ƙarfi. "Duk wuƙar da kuka saya a nan shekara uku, bakinta nata ne. Ya kuma fi nawa, ko lokacin da nake da hannu."

Chencha ba ta ɗago ba. Ta juya wuƙar ta fara ɗaya gefen.

"To mun ji. Matsa, tsoho, ka tare mini haske."

Ya matsa.