An Ce Ta Huta

Ma'aikaciyar jinya ta kwance abin awon jinin daga damtsen matar, ta dubi allon, ta sake ɗaura shi a ɗaya hannun.

"Hajiya, da ƙafarki kika zo?"

"Da ƙafata. Daga ofis nake, kaina ne ke sarawa tun safe."

Sakatariya ce a wani kamfanin dakon kaya. A ofis Anti ake ce mata, a gida kuwa Yaya, domin ita ce babba a ɗakinsu, har mijinta ya ari sunan a bakin ƙannenta. Tun da mahaifinsu ya samu shanyewar ɓarin jiki aka kawo shi gidanta. Ƙaninta ya biyo shi da sunan jinya, sai dai jinyar tasa ba ta wuce "sannu, Baba" daga bakin ƙofa.

Likitan da ya duba ta matashi ne mai magana a hankali. Ya ce jininta ya hau sosai. Ya tambaye ta barci, ta yi dariya. Wayarta na ta zillo a cikin jaka: manaja na neman fayil, mijinta na tambayar inda ta ajiye mabuɗin mota, ƙaninta na sanar da ita cewa Baba ya ɓata shimfiɗa.

"Magani kaɗai ba zai isa ba," in ji likitan. "Ki rage gishiri, ki riƙa ɗan tattaki. Kullum ki ware wani lokaci naki ke kaɗai, ko zama ne ki yi, ki ja numfashi. Aikin gida a raba. Akwai masu taimaka miki?"

"Gidan cike yake da mutane," ta ce.

Ta koma ofis ta ƙarasa buga takardu, haruffa na rawa a idonta. Da manaja ya ji daga asibiti take, sai ya dafa ƙirji. "Anti, ki kula da kanki fa, idan kika kwanta ofishin nan ya mutu." Sannan ya ɗora mata wani fayil a kan tebur.

A bas tsaye ta yi, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da ledar cefane. Ta gwada jan numfashin da aka ce, hayaƙin wata babbar mota ya cika mata ƙirji.

Ta tarar da mijin da ƙanin a falo suna kallon ƙwallo. Kwanukan rana na jibge a wurin wanke-wanke. Ta shiga ta gyara Baba, ta canja masa zanin gado, ta ajiye masa cokalin da yake buga ƙarfen gadon da shi idan yana buƙatar wani abu. Sai ta dawo ta tsaya a gaban talabijin ta faɗa musu abin da likita ya ce, har da maganar raba aiki.

Ƙanin ya zaro ido. "Hawan jini? Yaya, don Allah ki daina sa abu a ranki. Idan wani abu ya same ki, wa zai kula da Baba?"

"Ni dama na sha faɗa mata," in ji mijin. "Komai sai ta ɗauka da zafi." Ya rage sautin talabijin, ya yi mata nuni da ƙofar ɗaki. "Je ki kwanta. Yau ba mai damunki. Girkin ba gaggawa, ma jira ki tashi."

Ta tsaya tana kallonsa. Da gaske yake, fuskarsa cike da tausayi.

Ta shiga ta kwanta da kayan ofis a jikinta. Ta rufe ido, ta ja numfashi, ta sauke. Daga falo tana jin su suna magana ƙasa-ƙasa. Ƙanin ya ce yunwa yake ji, mijin ya ce ya yi haƙuri, mara lafiya ce. An ci ƙwallo, suka danne ihunsu saboda ita.

Sai cokalin Baba ya fara bugun ƙarfe.

Ta damƙe matashi. Ta ce wa kanta ba za ta motsa ba, maza biyu ne a falo, ɗaya ma ɗan cikin Baba ne. Bugun ya tsaya, ya dawo da rauni. Ba ta ji motsin kujera ba. Jijiyar goshinta ta shiga harbawa fiye da yadda ta yi a ofis.

"Bari, kar ka tashe ta," ta ji mijin ya ce. "In ta farka ta duba shi."

Ta sauko da ƙafafunta, ta laluba takalmi.

Da ta fito, mijin ya ɗago kai ya yi murmushi.

"Har kin tashi? Kin gani ko, hutu ne kawai kike buƙata. Dubi yadda fuskarki ta washe."