Ranar da Kowa Ya Zama Auta

Mama ta daina gane fuska, amma ba ta daina karatu ba. Shekarun da ta yi tana koyarwa a firamare ne suka bar mata wannan hali. In ka ce mata kai ɗanta ne, kallon mai tallan maganin bogi za ta yi maka, amma in a rubuce ta gani, to magana ta ƙare. Ko kwalin sabulu ta samu sai ta karanta shi har ƙarshe, ta kuma nuna inda suka manta waƙafi.

Mu uku ta haifa. Akwai Yaya, mai gemu da tumbi da son ba da umarni. Akwai Auta, wadda aure ya kai wata ƙasa, sai ta ga dama take kira ta yi kuka a waya, a ce ai ita ce mai tausayi. Sai ni ta tsakiya, mai wanki da kai asibiti da shan faɗa. Tun ina yarinya ban san lallashi ba, aike na sani. Da ciwon mantuwa ya ci ƙarfin Mama, sai na koma "baiwar Allah". Ina canza mata zanin gado tana yi mini godiya irin ta baƙi, kuma wallahi wannan godiyar ta fi zagi ciwo. Abin da nake so bai wuce ta ɗaga kai ta san ni ba.

Sana'ata gina shafukan intanet, abin da Yaya ke kira "danne-dannen nan naki". Sai na ce bari danne-danne ya yi rana. Na ɗauko wata tsohuwar tabulet, na haɗa shafi mai nuna hoton kowannenmu, a ƙasa da rubutu manya-manya mai faɗin ko wane ne.

Hotunan suna ajiye a wata kwamfuta can nesa, sai burauza, wato manhajar buɗe shafi, ta aika a kawo su. Na rubuta abin da muke kira lup, wato umarni mai bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa a ɗauko hoton wannan, in ya iso a liƙa masa bayaninsa. Shi kuwa lup ba ya jira, aikawa yake ya wuce. Ni kuma don gaggawa wuri ɗaya tak na ware masa na riƙe bayani, kowane sabo yana goge na baya. Kafin hoton farko ya iso, lup ya riga ya kai ƙarshen layi, abin da ya rage a hannunsa bayanin mutum na ƙarshe ne. Wa ke ƙarshe a gidanmu, ai ba sai na faɗa ba. Da wani ne a ofis ya yi wannan kuskuren, da na samu abin dariya na mako. Ban ko gwada ba, na jingina tabulet ɗin a jikin kwalbar magani, na tafi dafa mata shayi.

Na dawo da kofi a hannu, na tarar Mama tana kallon allon, ta kalle ni, ta sake kallon allon.

"Auta!" ta ce. "Yaushe kika zo?"

Na leƙa. Ga fuskata, ga rubutu a ƙasa: Wannan Autarki ce. Nan take na gane ɓarnar da na yi, na buɗe baki zan yi bayani, sai ta kama wuyan hannuna.

"Dubi yadda kika rame. Wa yake wahalar mini da ke? Ajiye kofin nan, zo ki kwanta."

Ni da furfura ta fara leƙo mini, na ɗora kai a cinyar uwata, tana sosa mini kai tana zagin duk wanda bai ba ni abinci ba. Na yi niyyar gyarawa da yamma. Yamma ta yi, ta wuce. Gyaran bai fi layi biyu ba, amma kullum sai wani aiki ya taso mini, ni da ban taɓa barin kuskure ya kwana a shafin mai biyana ba. Ashe haka Auta take shan daɗi tun da aka haife ta, ba ta taɓa ɗan sam mana ba.

Yaya ne ya zo ya ɓata mini lamari. Ya shigo da ledar lemo yana cika ɗaki da sallama. Mama ta duba allon, hotonsa ya fito, ta karanta, ta ɗago a firgice.

"Auta, mene ne wannan ya fito miki a haɓa?"

Na yi dariya har na shaƙe. Yaya ya ja ni ƙofa yana huci.

"Ke, da uwar tamu kike wasa? Ni ne Auta? Da gemuna?"

"Yaya, lup ne bai jira ba."

"Ko ubansa ne bai jira ba, ki gyara yanzun nan ina tsaye."

Na gyara. Na ba kowa wurin ajiyar bayaninsa, na sa shafin ya dakata sai duk hotunan sun iso kafin ya jera su. Mama ta karanta na Yaya: Wannan babban ɗanki ne. Ta ce to, in haka ne ya rage tumbin nan. Yaya ya tafi yana murmushi kamar an ba shi sarauta.

Sai nawa ya fito: Wannan 'yarki ce ta tsakiya. Ta karanta sau biyu, ta dube ni sosai. Abin da na daɗe ina jira ke nan. Ta gyaɗa kai.

"Yawwa, ke ce. Ina Auta ta shiga? Yanzun nan tana nan. Tashi ki nemo mini ita, kin zauna kin zuba mini ido."

Ta san ni ɗin kuwa, sani na gaske, har da muryar da take aikena da ita tun ina ƙarama. Na ce to, Mama. Na ɗauki tabulet na shiga kicin, na tsaya jikin firiji na yi kukana ba mai ce mini ina da tausayi. Lup lafiyarsa lau yanzu, ba laifin da zan ɗora masa. Da hannuna na buɗe bayanina, na goge, na rubuta abin da na rubuta, na wanke fuska na koma.

Ta duba allon, fuskarta ta washe.

"Ina kika shige, Auta? Waccan yayar taki ta ba ki abinci kuwa?"

"Ta ba ni, Mama. Tana ƙoƙari."

Ta jawo ni kusa, ta rage murya kamar mai gulma.

"Ƙoƙari? Ai ita ke riƙe da mu duka. In ba ita, da tuni na lalace a ɗakin nan. Amma kar ki gaya mata."

"Me ya sa, Mama?"

"Ita ba ta son irin wannan maganar. Ba ki ga ba ta taɓa tambaya ba?"