Tazarar Awa Biyu

Safe da yamma Mai Agogo yakan jera ƙwayoyi uku a faranti, kamar yadda yake jera ƙananan kusoshi a teburin shagonsa: ja guda ta ƙarin jini, farare biyu masu ɗanɗanon alli na ƙwannafi. Sai ya miƙa wa matarsa da kofin ruwa, ya tsaya a kanta har ta gama.

Shekara tara suka yi suna jiran cikin nan. Da ya zo kuwa, da wuta a ƙirji ya zo. In ta ci abinci ƙwannafi, in ta kishingiɗa ƙwannafi. A wata na huɗu aka auna ta a asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka rubuta mata jar ƙwayar. Fararen shi ya sayo su a kantin magani a hanyarsa ta gida, bai tambayi kowa komai ba. Takardar da ke cikin kwalin ma, da ita ya naɗe wa wani agogonsa.

Mutum ne da ya tsani abu a warwatse. A wurinsa, aikin da za a yi a tashi guda, raba shi biyu shiririta ce.

"Maigida, ka bar mini fararen nan sai ƙirjin ya taso mana," in ji ta wata rana.

"Ke da mantuwar tsiya? Sha su tare, a wuce wurin."

"Wallahi sai ka ce soja na aura."

"Sojan ne zai kai ki ki sauka lafiya."

Ta yi dariya, ta tauna.

Wata ya bi wata, tana ta ɗashewa. Tafin hannunta ya yi fari fat, matakala uku in ta hau sai ta zauna tana haki. Awon ciki biyu ya wuce ba ta je ba, don shi gani yake wanda ba ya fashin magani ba shi da abin da za a gaya masa. Da surukarsa ta zo ta ga 'yarta, hankalinta ya tashi.

"Yarinyar nan babu jini a jikinta."

Ya rusuna ya ce, "Inna, ko sau ɗaya ba ta taɓa tsallake magani ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne abin takaicin.

Naƙuda ta taso da hantsi, saura mako uku lokacinta ya cika. Kafin azahar ta haifi mace. Jini kuma ya ɓalle, ya ƙi tsayawa.

Yana tsaye a barandar asibitin wata nas ta fito, ta ja shi gefe, ta tambayi abin da matarsa ke sha. Ya zaro kwalaye biyu daga aljihu.

"Malam, tare take shan su?"

"Tare. Da hannuna nake ba ta."

Nas ɗin ta ɗaga kwalin fararen ƙwayoyin.

"Wannan tana hana jiki ɗaukar amfanin jar. Tazara ake ba su, awa biyu aƙalla."

"Awa biyu?"

"Ba shi kaɗai ne sila ba, kada ka ɗora wa kanka duka. Amma ta shigo mana da ɗan jinin da ba ya jure asara. Yanzu dai a nemo masu bayarwa, da gaggawa."

Ya naɗe hannun riga nan take. Aka gwada nasa, bai dace da nata ba.

Surukarsa na zaune a benci, rungume da jaririyar a cikin tawul. Tsoro ya sa ta tsufa a wuni guda.

"Me ta ce maka?"

"Ta ce a nemo jini, Inna."

"Shi ke nan abin da ta ce?"

Ya dubi ƙofar da aka rufe a kan matarsa.

"Shi ke nan."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi.

"To, je ka kira 'yan'uwanka. Duk abin da Allah ya yi, kai dai ka fita haƙƙinta. Ban taɓa ganin miji mai kula irinka ba."

Ya ce amin, ko da yake ba addu'a ta yi ba. Ya ciro waya ya nufi matakala, yana neman lambar yayansa.