Sabo Mai Bin Kowace Ganga

Tun da Sabo ya faɗo daga kan rumbu ya bugu a ka, ƙafarsa ta hagu ta daina jin magana, ga jiri. Majon asibitin Gazawa, mai duba marasa lafiya, ya ce maganin da ya rage tafiya ce, kullum, har sai gumi ya karyo.

To, a garinsu Gangara ba a ganin mara lafiya yana tafiya a ƙasa a wuce shi. Da ya fito da sandarsa, mai amalanke zai ja ya tsaya. "Haba Baba Sabo, muna raye? Hau!" Ƙin hawa kuwa cin fuska ne. Sai a maido shi gida bai ko jiƙa riga ba.

Wansa Hambali ya zo ya zauna a bakin tabarma. "Ba mugunta ba ce, Sabo. In ruwa ya sauka ba ka iya kai kanka gona, zan ba wani aronta."



A shekarar ne jam'iyyu suka fito barkatai, kowace da makaɗanta. Wata ranar kasuwa, ɗaya daga cikinsu ta ratsa ta ƙofar gidansa, ana kiɗa ana tafe, sai ya shiga bayansu. Ba wanda ya ce ya hau komai, mai bin jam'iyya ai da ƙafarsa yake bi. Ya kuma lura ƙafar nan mai gardama tana sauka daidai da ganga. Ya dawo sharkaf da gumi.

Da 'yan adawarsu suka zo, ya bi su su ma.

"Malam," in ji matarsa Saudatu, "mutane sun dame ni, wai kai na wa ne?"

"Na waɗanda suka fi zagaye mai nisa."

"Wallahi waƙa za a yi maka."

"A yi, in dai da kiɗa."

Aka gama zaɓe, ganguna suka yi shiru, ya ɗauka za a koma ɗora shi a amalanke. Ashe gari ya riga ya saba ganinsa a ƙasa. Masu amalanke sai dai su ɗaga hannu, "Ɗan siyasa, yau ina taron?" su wuce.

Safiyar ruwan shuka Hambali ya isa gonar tare da mai aro. Suka tarar da Sabo zaune a bakin iyaka yana haki, da ƙafarsa ya zo, Saudatu na tsaye da ƙwaryar iri.

Hambali ya dube shi. "Saran ramin fa?"

"Bana kai za ka sara mini, Yaya. Ni in bi ka ina rufewa."

Hambali ya ba mai aro haƙuri, ya karɓi sungumin da ke hannunsa.