Kusoshi a Kan Lasifika

…kuma ko da faifan ya fito shirme, ai ba a goshina aka rubuta ba. Wa ya sani? Babu. To me ya sa nake tsoron danna shi, ni da nake kama ƙarfen dalma da zafinsa?

Auta, ƙanina, tun safe ka turo mini sabon faifanku, ga rana ta karkata ban danna ba. Na gyara rediyo biyu. Na kwance wata fanka da lafiyarta ƙalau, na mayar. Tela maƙwabcina ya leƙo sau uku. "Yau ba kiɗa, Mai Rediyo? Ko a kanka aka ɗauke wutar?"

Ga gwangwanin kusoshin nan. Gwajinmu. A ɗora shi kan babbar lasifika, a saki kiɗa — in kusoshi sun yi rawa, mutane ma za su yi. Faifanku na farko, kai da abokinka Dogo, a bayan shagon nan kuka haɗa shi da kwamfuta ɗaya mai fasasshen gilashi… gwangwani ya yi ta tafiya har ya faɗo, kwana biyu ina tsinta. Ɗaya ya shiga takalmin Tela. To, ni na saka, amma dai ya shiga.

Dogo da wayarsa, kowane sauti sai ya naɗa. Ƙofa, guduma, tarin Inna. Tsohuwar fankar sama mai cewa ƙat… ƙat… kowane zagaye, ita ce ta riƙe waƙa ta uku. Gari ya yi rawa da fankata bai sani ba. Ga ta nan har yanzu a kaina, ƙat, ƙat, kamar mai ƙirga mini laifi.

Wasa ne fa, Auta. Wallahi wasa.

Gwangwanin madara a baki, hanci a toshe, layin waya na aro, na kira Dogo. "Daga gidan rediyo nake. Abokin aikinka ya shaida mana cewa kai ba ka tsinana komai, maɓalli kawai kake dannawa. Me za ka ce?" Na ciji hannuna don kada dariya ta kuɓuce. Na ce gobe zan tona, mu sha dariya mu uku. Ai na yi wa liman ma, na yi wa surukina, kowa ya zage ni ya yi dariya…

Gobe ta zo, Dogo ya zo da jaka. Ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, yana cusa su a ciki. Kai kana tsaye a bakin ƙofa kana tambaya, me na yi, me na yi — ni kuma na sunkuya cikin wata talabijin kamar an ce mini akwai zinariya a ciki. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa ko ana cin abinci. Ranar ya rufu, Dogo ya tafi, kuka rabu. Shekara huɗu.

Shekara huɗu kana sayar da caja a kasuwa. Inna tana cewa, "Gara da ya bar bugun ƙarfen nan," amma in ta ji waƙarku a motar haya sai ta ce wa na kusa da ita, ɗana ne.

Da na ji kun shirya kai da Dogo na yi murna, sai tsoro ya biyo baya. In abin ya tafi fa? In hannu ya manta? In sabon bai kama ƙafar tsohon ba, kowa zai ce sun tsufa, sun ƙare… ni kaɗai zan san wanda ya zubar da shekarun.

Danna, Mai Rediyo. Danna.

Shiru. Wani siririn sauti kamar ruwa na ɗiga a bokiti. Kusoshi ko motsi. Shi ke nan, na kashe su. Minti ɗaya… ɗaya da rabi… wannan kiɗan rawa ne ko na jiran likita?

A'a. Tsaya.

Daga ƙasa yake zuwa. Ba a kunne ba, a kujera. Kusa ɗaya ta juya. Biyu. Gwangwani yana gunaguni — bai gudu ba, a wuri ɗaya yake, amma duk cikinsa ya tashi. Ƙafata, wa ya ba ki izini?

Alhamdulillahi. Kai… alhamdulillahi.

Faifan farko kamar mutum ne ya faɗo maka gida da gudu ba sallama, ya kifar da tulu, ka yafe masa don yana da ban dariya. Wannan ya yi sallama, ya cire takalmi, ya tambayi iyali — sai ka waiga ka ga ya ɗauke kujerar da kake kai. Ba zan yi maka ƙarya ba, waƙa ta huɗu ta yi tsawo, har na tafi na dafa shayi na dawo tana nan. Kuma an wanke sautin da yawa. Ina dattin nan na da, ina muryar Inna daga nesa tana cewa ku rage mana? Na yi kewarsa. Amma a tsohon, ku biyu kamar kuna ƙwace sitiyari ne. Yanzu ina jin ka, sarkin gaggawa, kana gudu, shi Dogo yana jiranka a kwana. Yana ba ka hanya. Kana ba shi.

Tela ya daina taka keke. Ina jin sa ta bango, yana buga almakashi a tebur daidai da kiɗan. Munafuki.

Ta biyar, ta shida… wuyana ya saki, ban ma san a ɗaure yake ba. Ban lalata komai ba ashe. Ko na lalata, ya gyaru ba da hannuna ba. Yau zan ci abinci, Maman yara ta daina tambayata ko ciwon ciki ne. Ba sai na faɗa ba ma. Wa zai amfana? A bar shi a binne, a—

Ta bakwai.

Wannan muryar…

"Maɓalli kawai — maɓalli kawai — kawai, kawai, kake dannawa —"

Hanci a toshe. Amon gwangwanin madara. An yanka ni gunduwa-gunduwa an jera a kan ganga, kuma, Allah ya isa, da daɗi. Kusoshi sun haukace. Dogo ya naɗa ashe. Mutumin da ke naɗar tarin tsohuwa, zai bar kiran gidan rediyo?

To ai murya ce kawai, wa zai gane… sai suka janye ganga, suka janye komai, suka bar abin da ke bayan muryar shi kaɗai. Ƙat… ƙat… ƙat.

Fankata. A cikin kiran. Kunnen Dogo, da ya gina waƙa guda a kanta, zai kasa gane ta?

Sun sani.

Tun yaushe? In tun ranar ne, to ba ni na raba ku ba, da ma akwai abin da ke ci a ƙasa, ni ashana kawai na… In kuma daga baya ne, wata rana Dogo ya sake sauraron kiran ya ji ƙat ɗin, ya neme ka — to ni na raba, fankata ta haɗa? Duk zuwan da kake yi kana shan shayina, kana kallona ina zuba surutu…

Ga saƙonka a ƙasan faifan, tun safe, sai yanzu na lura. "Yaya, ka ji har ƙarshe. Dogo ya ce kada ka kuskura ka gyara fankar nan."

Dariya ce wannan ko me, ruwan da ke sauka a gemuna? Gwangwani ya kai bakin lasifika, yana lilo. In tare shi, in bar shi… lambarka tana nan a ƙarƙashin yatsana, ni kuma na gaji, Auta, irin gajiyar wanda ya sauke kaya bai san a kansa suke ba. Da wace murya zan kira ka?